Zinox: Kwamfutar Najeriya da ta zo da alamar Naira, ta manta da ƙ da ɗ da ɓ

Duk ɗalibin da ya taɓa kai furojet a buga masa a shagunan kwamfuta na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Dundaye ya san dabarar: in an zo rubuta kuɗi, sai mai bugawa ya danna N, sannan ya koma ya ja mata layi biyu. Yawancin na'urorin shagunan na hannu ne, HP ko Dell, kuma ba don mu aka ƙera su ba.

Wannan giɓin ne Leo Stan Ekeh, ɗan asalin jihar Imo, ya hango. Ya shafe shekaru yana sayar da kwamfutocin waje kafin ya ƙaddamar da Zinox a Legas a 2001. Abu biyu aka fi tallata ta da su: madanni mai alamar ₦, da sashen wuta da aka tsara don ya jure hawa da saukar wutar NEPA. Wanda wuta ta taɓa ƙone wa talabijin ya san na biyun ba ado ba ne. Kamfanin ya kuma samu shaidar inganci daga Microsoft.

Sai dai a faɗi gaskiya, haɗawa ake yi a gida, ba ƙerawa ba. Ƙwaƙwalwar da sauran kayan cikin duk daga waje suke zuwa. Gwamnatin Obasanjo ta umarci ma'aikatu su fifita kwamfutocin gida irin su Zinox da Omatek ta Florence Seriki, amma a kasuwa na hannu sun fi araha.

Ta hanyar zaɓe ne sunan ya isa karkara. A 2010 hukumar INEC ƙarƙashin Farfesa Attahiru Jega ta ba da kwangilar na'urorin rajistar masu zaɓe 132,000, Zinox ta samu 80,000 daga ciki. A Janairun 2011 aka girke su a rumfunan zaɓe, 'yan yi wa ƙasa hidima suna ɗaukar hoto da zanen yatsa. Dattawa da dama a ƙauyukan Wamakko a ranar suka fara zama gaban kwamfuta.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, an samar wa Naira gurbi a madannin, ba a samar wa ƙ da ɗ da ɓ ba. Masu buga Hausa sun daɗe suna dogaro da salon haruffa na Rabi'at da Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya samar. Matsalarsa ɗaya: ka buɗe aikin a kwamfutar da ba ta da shi, sai haruffan su rikiɗe su koma baka da sanda. Na taɓa ganin ɗaliba ta biya kuɗin bugun babi guda sau biyu saboda haka, ana gobe za ta miƙa wa malaminta.