Wane Littafi Za a Ba Yaranmu?

Malaman Hausa a Tambuwal da Kebbe suna da abin da ke damunsu. Ɗalibi yakan yi ta hamma a kan littafin jarrabawa, amma ya raba dare yana karanta In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, wanda ya fito a 1991. Akwai malaman da ke ganin a hana. Mu kam ba mu goyi bayan haka ba. Ai Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East ya kawo irin wannan labari tun shekarun 1930, inda mai kuɗi ya shiga tsakanin saurayi da budurwa. Malam ya karanta wa aji su biyun da murya, sa'an nan ya tambayi yara wa ya fi laifi, attajirin ko iyayen yarinyar.