Lokacin Miƙa Aiki a Ɗakin Mata

A ɗakin kwantar da mata na wani babban asibitin gwamnati a Arewa, babu lokacin da ya kai na miƙa aiki muhimmanci, wato sa'ad da malaman jinya na dare ke damƙa majinyata ga na safe. Likita yakan zagaya ya wuce, amma malamar jinya ce ke kwana da su. Ita ke auna zafin jiki da hawan jini, ta sa ido a kan ƙarin ruwa, ta juya tsohuwar da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar duk bayan awa 2, don kada gyambon kwanciya ya kama ta. Duk abin da ta lura da shi cikin dare, in bai shiga kunnen wadda ta karɓe ta ba, ya tafi a banza. Shi ya sa bai kamata a tsaya ga karanta littafin rahoto ba. Dole a tsaya a bakin kowane gado a yi tambaya: me ya sa zazzaɓin wannan ya dawo, me ya hana waccan cin abinci, ko 'yan jinya sun ba ta jiƙo a ɓoye?

Wasu za su ce ina lokacin yake, alhali ma'aikata sun yi kaɗan, ƙwararru da yawa sun tafi Ingila da Saudiyya. Gaskiya ne, kuma ƙasar nan ba ta cika alƙawarin Abuja na 2001 ba, na ware wa lafiya kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗi. Sai dai ƙarancin hannu ne ma ya wajabta wannan bita, domin ita ke nuna wa ya kamata a fara dubawa. Rigakafi ya fi magani: gyambon da aka tare da juyi ba ya cin makonni ana wanke shi.

Wasu kuma na tsoron kada bitar ta koma zaman tonon asiri. Maganin wannan yana hannun shugabar ɗaki. In ƙaramar ma'aikaciya ta ce ta makara wajen ba da allura, a binciki dalili kafin a nemi mai laifi, don wadda aka kunyata yau za ta ɓoye kuskurenta gobe, majinyaciya ce kuma za ta ɗanɗana kuɗarta. Hakkin hukumar asibiti ne ta sa wannan lokaci cikin jadawalin aiki, ta kuma hana a katse shi.