Giyar Atomatik: Abin da Ke Kashe Ta da Abin da Dillali Zai Duba Kafin a Biya

Wannan bayani ne zuwa ga 'yan kasuwa da dillalai na Dangoma da Kalgo da Gwandu, da duk mai niyyar zuba kuɗinsa cikin mota mai canja giya da kanta, watau atomatik.

Dattawan kasuwa sun san tun da kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kaduna a 1975, motar da aka saba da ita ita ce mai giyar hannu da kuloci. In ta ƙi tashi a tura ta, in kuloci ya ƙare bakanike ya canja shi. Ita kuwa atomatik, ko da yake tun 1940 kamfanin General Motors na Amurka ya sa ta cikin motocin Oldsmobile, ba ta yawaita a hannunmu ba sai da tsofaffin motocin waje suka riƙa kwararowa ta Kwatano. A farkon 2017 gwamnati ta hana shigo da mota ta iyakokin ƙasa, a 2023 kuma darajar naira ta faɗi ƙwarai, mota da kayan gyara suka yi tsada. Domin haka wanda giyabos ya mutu a hannunsa, ribar ciniki da yawa ce ta tafi.

Mai shi ne ranta

Tsakanin inji da giyabos akwai wata tukunyar ƙarfe rufaffiya cike da mai, wadda makanikai ke ce wa konbata. Cikinta akwai abu kamar fanka biyu suna fuskantar juna: inji ya juya ɗaya, ita ta watsa mai, man ya juya ɗayar. Sa'an nan akwai famfo mai tura man ta ƙananan hanyoyi, ya matse wasu faya-faya da ake kira faiba, su ne ke kama giya ta ɗaya ko ta biyu ko ribas. Ka ga ke nan man giya shi ke ɗaukar ƙarfin inji, shi ke sa giya, shi ke hana ƙarfe cin ƙarfe, shi ke sanyaya giyabos. Mafi yawan ciwonta daga nan yake farawa.

Na ɗaya, ƙarancin mai. In sil ya tsufa yana ɗiga, famfo sai ya riƙa jan iska, faiba ba ta matsuwa sosai, sai ta yi ta zamewa har ta ƙone. Alamarsa, ka taka totur inji ya yi ƙara amma mota ba ta ja.

Na biyu, man da ba nata ba. Ba kowane jan mai ne man kowace giya ba. Toyota na da T-IV da WS, Honda na da Z1 da DW-1 wanda ya maye gurbinsa. Akwai kuma giyar da ake kira CVT, mai aiki da bel na ƙarfe, irin ta yawancin Corolla 'yan Amurka daga 2014 da Accord mai silinda huɗu daga 2013. Ita manta daban ne sam, in aka zuba mata na gama-gari ba ta daɗewa. Man da ake aunawa a bakin hanya cikin kwalba marar hatimi, araha ce wadda ba ta ado.

Na uku, zafi. Man giya ya fi son ya tsaya wajen digiri 80. In ya haura 120 ya daɗe a haka, sai ya ƙone, sil ya bushe. To, a nan ƙasar Kabi cikin bazara zafin rana kansa yakan wuce digiri 40. Ka ɗauki motar mutum biyar ka labta mata buhunan shinkafa ko albasar Aliero, ka bar kwalta ka shiga rairayi, ta kafe, direba ya yi ta jefa ta gaba da ribas yana taka totur, wannan dafa giya ne.

Na huɗu, ruwa. Giyabos na da ɗan bututun shan iska a samansa, in mota ta nutsa cikin ruwa mai zurfi sai ya shiga ta nan. Wanda ya ga ambaliyar 2020, wadda ta cinye gonakin shinkafa ta yanke hanyoyi a jihar nan, ya san irin ruwan da ake nufi. Wata ƙofar ita ce lagireto, domin a motoci da yawa man giya ta cikinsa yake bi ya huce. In ya tsage daga ciki, ruwa da mai su gauraya. An san Nissan Pathfinder da Xterra na 2005 zuwa 2010 da wannan ciwo. Ruwa kuwa yana saɓule faiba daga jikin ƙarfenta.

Na biyar, hannun direba. Sa ribas alhali mota ba ta gama tsayawa ba, da ɗaura mata igiya a ja ta tafiya mai nisa inji a kashe. In inji ba ya aiki famfo ba ya aiki, ƙarfe a bushe yake juyawa. Daga Dangoma zuwa garejin Birnin Kabi, gara a ɗauko bakanike ko a ɗora ta kan babbar mota.

Na shida, aibin kamfani. A 2004 Honda ta kira motoci wajen miliyan ɗaya domin gyara, cikinsu har da Accord mai silinda shida ta 2003 da 2004, irin wadda ake ce wa EOD, saboda giya ta biyu ba ta samun isasshen mai, tana yin zafi. Mai sayen irinta sai ya ƙara lura.

Ba kowane ciwo ne ajali ba

Sau da yawa za ka ji ana cewa, "Alhaji, giyag ga ta mace, sai a sawo wata." Kada a yi garaje. Motocin yanzu kwamfuta ke ba giya umurni ta waya. In wata 'yar na'ura mai auna gudu ta lalace, ko solonoyid mai buɗe hanyar mai ya toshe, ko ɓera ya ci waya, mota takan maƙale a giya guda ta ƙi canjawa, alhali giyabos lafiyarsa lau. A fara auna mai, a sa mata kwamfuta a karanta laifin, kafin a yarda a sauke giya. Wanda bai san wannan ba yakan karyar da motarsa da rahusa, wani ya saya ya gyara da kuɗi kaɗan.

Abin da za a duba kafin a biya

Dillalin shanu ba ya sallamawa sai ya buɗe bakin sa ya ga haƙora, ya sa an kora shi ya ga tafiyarsa. Haka za a yi wa mota.

A zo mata da safe tana sanyi, a duba ƙasa inda ta kwana ko akwai ɗigon jan mai. A tashe ta, a taka birki, a sa D, a sa R. Mai lafiya nan take take kamawa, in ta yi jinkiri ko ta buga da ƙarfi, akwai magana. Sa'an nan a hau kwalta, kamar daga Kalgo zuwa Jega, har ta yi zafi sosai, domin wata giyar lafiya lau take da sanyi, sai ta ɗumama take fara zamewa. A lura ko tana shiga kowace giya ba fizga.

Bayan an dawo a zaro gejin man giya a goga a farin ƙyalle. Yawancin Toyota inji na aiki ake aunawa, Honda kuwa da zarar an kashe inji. Ja mai haske lafiya ne. Baƙi mai ƙauri, faiba ta ƙone. In ya yi kamar an zuba masa madara, ruwa ya shiga. In ƙurar ƙarfe na ƙyalli a ciki, a bar cinikin. Motar da ba ta da geji, bakanike ne zai duba ta ƙasa. Sabon mai garau cikin tsohuwar mota kuma, a tambayi dalili, don wani yakan canja ranar ciniki ya ɓoye ƙauri. A murɗa makulli a ga fitilar inji ta kama sa'an nan ta mutu bayan an tashi, in ba ta kama ba sam, wataƙila an cire ta.

Daga ƙarshe, ya kai dillali, abin da ka gani ka faɗa wa mai saye, a rage kuɗin gyara cikin farashi, kowa ya san abin da ya ɗauka. Mota mai ɓoyayyen ciwon giya ba ta nisa, za ta dawo ƙofar gidanka da mai ita da shaidunsa. La'ada ta yini ɗaya ce, sunanka kuwa shi ne jarinka a Dangoma da Kalgo da duk inda ake cin kasuwa. Allah ya ba da ciniki mai albarka.