Mai Riƙe da Muciya

Duk macen da ta taɓa tsayawa kan girkin biki ta san lissafin uwar biki daban, abin da ke faruwa a bakin murhu daban. Tun ana saura mako uwar biki ta gama tsarinta: kwano kaza na gari, itace na kaza, tukwane kaza, ƙarfe kaza a fara rabo. Amma ranar biki, wadda ke riƙe da muciya ce ke fara gane talgen bai nuna ba, ko gari ya yi gudaji. In gidan da ake daka wa mai tuƙi tsawa ne, "Ke, yi sauri, baƙi sun iso!", sai ta ja bakinta ta kwashe shi haka nan, ɗanyen tuwo ya shiga kowane kwano.

Yawancin manufofin da manyan masana'antu ke rubutawa a ofis a irin wannan wuri suke mutuwa, tsakanin takarda da hannun ma'aikaci.

Kamfanin General Motors ya taɓa mallakar wata masana'antar haɗa motoci a Fremont, jihar Kalifoniya ta Amurka, wadda ta yi ƙaurin suna wajen lalacewar aiki. Kusan mutum ɗaya cikin biyar ba ya zuwa aiki a rana, wasu kuma a buge suke zuwa. A baki, kamfanin na son inganci. A aikace doka ɗaya ce: kada layin haɗa mota ya tsaya. Ma'aikaci na ganin noti bai ɗauru ba, zai bar motar ta wuce, wai a gyara daga baya, bayan an jibga wasu sassan a kan kuskuren. A 1982 aka rufe wurin.

A 1984 aka sake buɗe shi da sunan NUMMI, haɗin gwiwa da Toyota. Gini shi ne dai, kuma akasarin waɗanda aka ɗauka tsofaffin ma'aikatan nan ne da ake cewa ba su gyaruwa. Toyota ya kwashi ɗaruruwansu zuwa masana'antarsa ta Takaoka a Japan, suka yi aiki kafaɗa da kafaɗa da Japanawa. Can suka ga igiya rataye a saman kowane ma'aikaci. Wanda ya ga matsala sai ya ja ta, fitila ta kama, shugaban rukuninsa ya zo da sauri ya taimaka. In abin bai gyaru ba, layi ya tsaya. Wato an ba mai muciya ikon cewa a dakata da kwasa, kuma in ta faɗa, hannu ake kawo mata.

Ba a jima ba ingancin motocin Fremont ya kusa kamo na Japan, fashin aiki ya ragu ƙwarai. A ganina igiyar ita ce mafi arha a cikin lamarin. Mai tsadar shi ne alkawarin da kamfanin NUMMI ya ɗauka cewa ba zai sallami ma'aikata ba sai in rayuwarsa ce ke cikin haɗari. A 1988 kasuwa ta ja baya, aikin ya ragu sosai, amma ba a kori kowa ba. Aka tura mutane horo. Mutumin da ya ga an riƙe shi a lokacin tsanani shi ne zai fito da dabarar rage ɓarna ba tare da tsoron dabarar za ta cinye masa abinci ba.

Abin takaici, General Motors ya so kwaikwayon tsarin a masana'antarsa ta Van Nuys, abin ya ƙi. An rataye igiyar, amma har lokacin da yawan motocin da suka fito ake auna ƙwazon masu sa ido, don haka wanda ya tsayar da layi ya taɓa aljihun maigidansa. Ga wata matsalar kuma: in wani sashe na mota ya zo bai dace ba, a Toyota injiniyoyi da masu kawo kaya sukan gyara shi, a nan kuwa babu mai saurare. In niƙan ne bai yi laushi ba, ko wace gwana ce a kan tukunya dole sai an koma wurin mai inji. An rufe Van Nuys a 1992.

A waɗannan shekarun, ƙarƙashin shugabancin Roger Smith, kamfanin General Motors ya narka biliyoyin daloli wajen sayen mutum-mutumin haɗa mota, yana zaton injina ne sirrin Japanawa, alhali amsar na cikin masana'antar NUMMI da shi ke da rabinta. Sai da aka ɗauki shekaru da dama kafin darasin ya fara ratsa sauran masana'antunsa, lokacin kuwa masu saye da yawa sun riga sun koma wajen Toyota da Honda. A 2009 General Motors ya durƙushe ya janye hannunsa daga haɗin gwiwar, aka rufe NUMMI a 2010, kamfanin Tesla ya sayi ginin.