Ruwan Akwatin Kifinki Garau Yake, Amma Lafiya Ƙalau Yake Kuwa?

Yanzu ba abin mamaki ba ne ki shiga falon 'yar uwa ki tarar da akwatin gilashi a kusurwa, kifaye masu launi suna kai da komo, yara sun zagaye shi suna ba kowane kifi suna. Ado ne mai kyau. Sai dai gidaje da yawa labarinsu ɗaya: an sayo akwati da kifi rana guda, mako na biyu ko na uku kifayen suka fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya, yara na kuka, maigida na cewa an yi asarar kuɗi, a ƙarshe akwatin ya koma ma'ajiyar tarkace. Za ki ji ana cewa mai shago ne ya sayar da marasa lafiya, ko kuma baki ne ya kama su. Mafi yawan lokuta kuwa ruwan ne ya kashe su, alhali yana nan garau kamar a ɗiba a sha.

Ga yadda abin yake. Kifi a cikin ruwan da yake shaƙa yake ba-haya. Jikinsa na fitar da wani sinadari mai guba da ake kira amoniya, haka ma ragowar abincin da ya ruɓe a ƙasan akwati. A kogi ruwa na tafiya da shi, a akwati kuwa babu inda za shi. Abin da ke ceton kifin shi ne wasu ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ke zama a soson matatar ruwa da jikin tsakuwa. Kashi na farko su mayar da amoniya ta zama naitarait, wanda shi ma guba ne domin yana hana jinin kifi ɗaukar iska, sai ki ga kifi na haki a saman ruwa ko da injin iska na aiki. Kashi na biyu kuma su mayar da naitarait ya zama naitaret, wanda ba ya cutarwa sai ya taru da yawa, shi ne kike ragewa da canjin ruwa. Sunayen biyun nan suna da kama, don haka ki riƙe lambarsu a jikin kwalba: mai NO2 shi ne mugun, mai NO3 shi ne mai dama-dama. Matsalar ita ce a sabon akwati waɗannan bakteriya ba su riga sun yawaita ba, sukan ɗauki mako 4 zuwa 6. A wannan tsakanin ne guba ke taruwa, kuma ba ta da launi balle ki gan ta. Kin ga ke nan kayan gwajin ruwa ba ƙarin ado ba ne, tare da akwatin ya kamata a sayo su, kafin ma a sayo kifin.

Tsinke ko ɗigo?

Kayan gwaji iri biyu ne za ki fi samu a shagunan kifi da kasuwannin intanet. Na farko tsinken gwaji ne, kusan irin wanda kika sani na gwajin ciki, sai dai shi yana da 'yan soso masu launi jere a jikinsa. Ki tsoma, ki cire, ki jira daƙiƙun da aka rubuta, ki gwada da launukan jikin gwangwanin. Yana da sauri da sauƙi. Amma akwai abin da mai shago ba lallai ya faɗa miki ba: tsinken da aka rubuta yana gwada abu 5 ko 6 a tashi ɗaya, irin na kamfanin API ko na Tetra, ba ya gwada amoniya. Nata tsinken daban ake sayarwa. Wato sai ki tsoma ki ga komai daidai, alhali abin da ya fi saurin kashe kifin ba a ma duba shi ba. Sannan tsinke ba ya shiri da laima. Da damina in aka bar murfin a buɗe, ko aka sa jiƙaƙƙen yatsa a ciki, duk na gwangwanin na iya lalacewa.

Na biyu shi ne na ɗigo. Za ki ɗebi ruwan akwati mililita 5 a 'yar kwalbar gilashi, ki ɗiga maganin, ki rufe, ki girgiza, ki jira launi ya fito. Wanda ya fi shahara shi ne API Freshwater Master Test Kit, mai kwalaben magani 7 da kwalaben gwaji 4, yana auna amoniya da naitarait da naitaret da kuma tsamin ruwa, kamfanin kuma ya rubuta cewa yana yin gwaji sama da 800. Kamfanonin Jamus irin su Sera da JBL su ma suna da nasu. Kuɗinsa ya fi na tsinke a ranar saye, amma in kika raba da yawan gwajin da zai yi miki, shi ne mai arha. A ganina, in ɗaya kaɗai za ki iya saya, ki sayi na ɗigo. In aljihu bai kai ga babban kwalin ba, ki fara da kwalbar amoniya da ta naitarait, sauran su biyo baya.

Wajen na amoniya ki ɗan duba kwalin. Akwai tsohon samfuri da ake kira Nessler, wanda launinsa ke tashi daga rawaya zuwa ruwan ƙasa. Yana ɗauke da sinadarin makuri mai guba, kuma yakan ba da sakamakon ƙarya in kin zuba wasu magungunan gyara ruwan famfo. Wanda launinsa ke tashi daga rawaya zuwa kore shi ya fi dacewa da gida.

Abin da lambobin ke nufi

A katin launi za ki ga an rubuta ppm ko mg/L, a nan duk abu ɗaya ne. Amoniya sifili ake so, wato ruwan gwajin ya tsaya rawaya. Naitarait ma sifili, a kayan API launin shuɗi mai haske ke nan, da zarar ya fara juyawa shunayya to akwai matsala. Naitaret kuwa kada ya wuce 40, in ya tsaya ƙasa da 20 ya fi. In kika ga amoniya ko naitarait sun bayyana, ki canza kashi ɗaya cikin uku zuwa rabin ruwan a ranar, ki rage abinci ko ki dakatar da shi kwana ɗaya, ki sake gwadawa washegari. Kifi lafiyayye ba ya mutuwa don yunwar kwana ɗaya, ƙoshin da yara ke ba shi ne ya fi kashe shi.

Sai ma'aunin tsami, wanda ake rubutawa pH. Wani masani ɗan ƙasar Denmak mai suna Sørensen ne ya fito da shi a 1909. Lambobinsa daga 0 zuwa 14 ne, 7 ce tsakiya, ƙasa da ita ruwa ya yi tsami, sama da ita ya karkata ɓangaren kanwa. Tazarar lamba ɗaya ninki goma ce, shi ya sa tsalle daga 7 zuwa 6 a dare ɗaya ba ƙaramin abu ba ne a jikin kifi. Yawancin kifayen ado da ake sayarwa suna zama lafiya tsakanin 6.5 da 8. Kada ki shiga wahalar sayen magungunan ɗagawa da saukarwa don ki kamo wata lamba, kifi ya fi son ruwan da ya tsaya wuri ɗaya. Amfanin sanin pH a wurinki shi ne wannan: gubar amoniya na ƙaruwa in lambar ta yi sama, tana kuma ƙaruwa in ruwa ya yi zafi. 'Yar amoniyar da kifi ya jure da hunturu, ita ce za ta kayar da shi a zafin Maris da Afrilu.

Akwai kuma gwaji biyu, GH da KH. Na farko nauyin ruwa yake aunawa, irin ruwan da ke hana sabulu kumfa yana barin farin dasashi a buta. Na biyu yana nuna ƙarfin ruwan wajen riƙe pH ɗinsa, in ya yi ƙasa da 3 ko 4 ruwan na iya yin tsami farat ɗaya. Ba kullum ake buƙatarsu ba, sau ɗaya a wata ya isa.

Ki fara da ruwan gidanki

Kafin ki gwada na akwati, ki gwada ruwan da kike zubawa. Na famfo yakan zo da kulorin, wanda ke ƙona wurin numfashin kifi ya kuma kashe bakteriyar da kika yi makonni kina reno. Kulorin zalla na fita in ruwa ya kwana ɗaya ko biyu a buɗaɗɗen bokiti, amma akwai nau'insa da ake haɗawa da amoniya wanda ajiya ba ta fitar da shi, don haka maganin cire kulorin ya fi tabbas. Na rijiya da na bohol ba su da kulorin, sai dai wani yakan zo da naitaret tun daga ƙasa, musamman in rijiyar na kusa da masai ko gonar da ake zuba wa taki. In kuma 'yan ga-ruwa ke kawo miki, yau daga nan gobe daga can, to gwajin ya ƙara zama dole.

A nan bari in ɗan ratse. In kika gwada ruwan rijiyarku kika ga naitaret ya yi ja sosai, maganar ta wuce ta kifi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar 50 mg/L a ruwan sha, saboda jariran da ake dama wa madara da shi, domin su ma yana hana jininsu ɗaukar iska. Kayan gwajin kifi ba su isa su tabbatar miki ruwa ya dace da sha ba, amma in sun nuna haka, a kai ruwan ɗakin gwaji na gaskiya, jariri kuma a nema masa wani.

Ƙananan kaya masu sauƙaƙa aiki

Sirinji mai mililita 5, marar allura, daga kemis, ya fi komai amfani, domin yana ba ki daidai ma'auni ba tare da kin tsoma kwalbar da ta taɓa magani a cikin akwati ba. Ki nemi ƙarin kwalaben gwaji, gilashi ne siriri, kuma gidan yara ne. Ma'aunin zafi na ruwa shi ma dole ne, yawancin kifayen ƙasashe masu zafi sun fi son digiri 24 zuwa 28. Agogon wayarki ya isa ƙidayar minti 5 da ake jira. Sai ɗan littafi da za ki riƙa rubuta kwanan wata da sakamako, wanda babbar 'yarki ko ɗanki za su iya riƙewa, har su ƙaru da darasin kimiyya.

Akwai wani ɗan faifai na kamfanin Seachem mai suna Ammonia Alert da ake mannawa a cikin gilashi, yana canza launi in amoniya mai guba ta tashi, yana kuma kai kusan shekara. Ya dace da uwargidan da hidima ta yi wa yawa. Alƙalamin TDS mai batir kuwa, wanda masu shago ke son tallatawa, jimillar abin da ya narke a ruwa kawai yake nunawa, ba ya bambanta guba da gishiri. Shi ma alƙalamin pH sai an riƙa saita shi da ruwan saiti na musamman, in ba haka ba ƙarya zai riƙa yi miki. Mai akwati ɗaya a falo ba ta buƙatar ko ɗayansu.

Wajen yin gwajin, ki riƙe kwalbar magani a tsaye kai ƙasa don ɗigon ya zo daidai. Ki rufe da murfi, kada ki toshe da yatsa. Ki karanta launi a hasken rana, kwalbar na jingine da farin ɓangaren katin, domin fitilar falo mai launi na rikita ido. Kwalba ta biyu ta naitaret a kayan API sai an girgiza ta da ƙarfi daƙiƙa 30 kafin a ɗiga, a kuma girgiza kwalbar gwajin minti ɗaya. Wadda ta yi sakaci da wannan za ta ga sifili alhali ruwan ya cika. In kin gama ki zubar a makwarara, ki ɗauraye kwalbar da ruwa zalla ba sabulu. Ki duba ranar lalacewa tun a shago, kada ki karɓi kwalin da ya sha rana a kanta.

Sabon akwati ana gwada shi kullum ko bayan kwana biyu har amoniya da naitarait su tsaya a sifili, daga nan sau ɗaya a mako. Ki ƙara gwadawa duk lokacin da kika zuba sabon kifi, ko wani ya mutu, ko aka ɗauke wuta tsawon yini matata ta tsaya, domin bakteriyar ma iska suke buƙata. Soson matata kuma da ruwan da kika kwaso daga akwatin ake wanke shi, ba a bakin famfo ba. In kina kiwon tarwada a tanki a bayan gida, waɗannan kayan dai su ne za su yi miki aiki a can.

Saura maganar ajiya. Kwalaben nan ƙanana ne masu tsinin baki, kamarsu ɗaya da maganin ɗigon ido, alhali a cikinsu akwai mai asid, akwai mai soda mai ƙuna. Kada su zauna a durowar magungunan gida, ko a kan firji, ko a ƙarƙashin akwatin kifin inda mai rarrafe zai kai. Ki sa su a roba mai murfi, a saman kabad mai makulli, wuri mai sanyi da inuwa, ki kuma nuna wa mai aikinki da duk wani babba a gidan ko mene ne. In tsautsayi ya sa ya shiga idon yaro, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta minti 15 sannan a wuce asibiti. In sha ya yi, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja, a tafi da shi nan take tare da kwalbar domin likita ya ga abin da ke rubuce a jikinta.