Zaman Aure Idan Mutum Ɗaya Ne Ke Ɗauke da Ƙwayar Cutar Ƙanjamau

Ba sabon abu ba ne gwajin jini ya nuna cewa miji ko mata na ɗauke da ƙwayar HIV, wadda ke karya garkuwar jiki, alhali abokin zaman lafiyarsa ƙalau, kuma wannan sakamako ba ya wajabta rabuwa ko haƙura da haihuwa. Ginshiƙin kariya shi ne mai ɗauke da ƙwayar ya riƙa shan maganin da ke danne ta kullum ba fashi, domin binciken HPTN 052, wanda aka bayyana sakamakonsa a 2011, ya tabbatar da cewa fara shan magani da wuri na rage yaɗuwarta tsakanin ma'aurata da kashi 96 cikin ɗari. Idan adadin ƙwayoyin ya sauka ƙasa da 200 a kowace mililita ta jini, abin da yakan samu cikin wata shida, kuma ya ɗore a haka, ba ta yaɗuwa ta hanyar saduwar aure.

Kafin a kai wannan matsayi, wanda bai kamu ba yana iya shan PrEP, wato maganin riga-kafi da ake sha kullum, tare da amfani da kwaroron roba da maimaita gwaji a kai a kai. Mace mai juna biyu da ke ɗauke da ƙwayar, idan tana shan maganinta, tana kuma zuwa awon ciki, tana kare jaririnta ƙwarai daga kamuwa. Sai dai magani ba ya ɗorewa a gidan da ake gori da ɓoye-ɓoye, shi ya sa rufin asiri da tausayin juna suke cikin jinyar kanta.