A Kori Koci, a Sayo Ɗan Gaba: Yadda Magoya Baya Suke Yanke Hukunci

Muhawarar magoya bayan ƙwallon ƙafa, ko a birnin Manchester ake yin ta ko a gidajen kallo na Kano da Kaduna da Damagaram, inda gasar Firimiya ta Ingila ta kafu tun bayan yaɗuwar tashoshin tauraron ɗan'adam, ba ta cika wuce abubuwa uku ba, wato koci da ɗan wasan gaba da kuma kasuwar musayar 'yan wasa. Koci shi ne mai horar da ƙungiya, wanda yake zaɓen 'yan wasa goma sha ɗaya da tsarin da za su bi a fili, ɗan wasan gaba kuwa, wanda aka fi sani da lamba tara, shi ne wanda aka ɗora wa alhakin zura ƙwallo a raga, ita kuma kasuwa lokaci ne da ake buɗewa sau biyu a shekara, a ƙarshen kaka da kuma watan Janairu, domin ƙungiyoyi su sayi 'yan wasa ko su sayar. Dalilin da ya sa ra'ayi yake taruwa a kan waɗannan ukun ba ɓoyayye ba ne, domin su ne ido yake gani: kyamara tana haska fuskar koci duk lokacin da aka ci ƙungiyarsa, tana maimaita ƙwallon da ɗan gaba ya ɓarar har sau uku ko huɗu, sannan jaridu suna buga farashin ɗan wasa da manyan baƙaƙe. Masu mallakar ƙungiya da shugabannin da suke sa hannu a kan kwantiragi kuwa, waɗanda shawararsu ta fi ta kowa tasiri, da wuya mai kallo ya iya gane fuskokinsu.

Babu ƙungiyar da ta fi Manchester United dacewa da a auna wannan ɗabi'a a kanta, saboda abin da ya same ta bayan murabus ɗin Alex Ferguson a shekarar 2013. Ferguson ya riƙe ƙungiyar tun daga 1986, ya ci kofin Firimiya sau 13 da Kofin Zakarun Turai sau biyu, a 1999 da 2008. Bayan tafiyarsa aka ba David Moyes kwantiragin shekara shida, aka sallame shi a watan Afrilun 2014 kafin ya cika shekara guda, Louis van Gaal ya zo ya ci Kofin FA a 2016 aka kore shi bayan kwana biyu, José Mourinho ya ci kofi biyu a 2017 aka raba gari da shi a Disambar 2018, Ole Gunnar Solskjær ya kai Nuwamban 2021, Erik ten Hag kuma ya kai Oktoban 2024. Kusan kowane ɗaya daga cikinsu ya tafi ne bayan magoya baya sun daɗe suna kiran a kore shi, kuma kowane magaji an tarbe shi da murna kamar shi ne maganin da aka daɗe ana nema, amma a duk tsawon zamanin waɗannan mutum biyar kofin Firimiya bai koma filin Old Trafford ba.

Masu kiran a yi haƙuri da koci suna da hujjar da ba sa gajiya da kawowa, ita ce ta Ferguson kansa. A ƙarshen 1989, bayan shekara uku ba tare da kofi ba, an ɗaga ƙyalle a Old Trafford ana neman ya kama gabansa, sai kuma ya ci Kofin FA a 1990 a kan Crystal Palace, ya ɗauki kofin gasar a 1993 bayan ƙungiyar ta yi shekara 26 tana jira. Labarin gaskiya ne, sai dai an matse shi har ya fita daga hayyacinsa, domin ba kowane kocin da ya yi shekara uku yana shan kashi ne yake zama Ferguson ba, kuma mafi yawan waɗanda aka yi wa haƙuri sun ci gaba ne a kan yadda suka fara. Masu kiran a kori koci su ma suna da tasu hujjar, wato farfaɗowar da ake gani da zarar an kawo sabo, kuma Solskjær ne misalinta mafi kusa. Ya karɓi ƙungiyar a matsayin riƙon ƙwarya a Disambar 2018, ya ci wasanni takwas na farko a jere, ya je birnin Paris a watan Maris ya fitar da Paris Saint-Germain daga gasar Zakarun Turai bayan an ci su biyu da nema a gida, kiraye-kiraye suka yi yawa har aka tabbatar masa da kujerar a ƙarshen watan. A wasanni goma da suka rage a kakar, biyu kacal ya ci, ƙungiyar ta ƙare a mataki na shida.

Abin da yake faruwa a irin wannan hali masana lissafi suna kiransa komawa ga matsakaicin ƙarfi. Ma'anarsa ita ce, ana korar koci ne a daidai lokacin da sakamako ya faɗi ƙasa da ainihin ƙarfin 'yan wasan, sau da yawa saboda rauni ko jerin wasanni masu wuya ko rashin sa'a, don haka ko an kore shi ko an bar shi sakamakon zai ɗan gyaru, sai a rubuta gyaran da sunan sabon zuwa. Mai kallo ba shi da laifi idan ya gaskata idonsa, amma shugaban da yake biyan miliyoyin fam na sallama a kan wannan hujja bai da uzuri irin nasa.

Batun ɗan wasan gaba ya fi zafi, saboda shi kaɗai ne a fili ake auna aikinsa da lamba guda da kowa zai iya ƙirgawa. Da zarar ƙungiya ta yi wasa biyu ba ta ci ƙwallo ba, maganar da take tashi a majalisa da teburin mai shayi ita ce babu mai ci a gaba, a nemo lamba tara. United ta amsa wannan kira sau da dama: ta ɗauko Radamel Falcao aro a 2014 ya ci ƙwallo huɗu, ta sayi Romelu Lukaku daga Everton a kan fam miliyan 75 a 2017 ta sayar wa Inter Milan bayan shekara biyu, ta karɓi Alexis Sánchez daga Arsenal a Janairun 2018 ya ci ƙwallo biyar a wasanni 45. Har ɗan Nijeriya Odion Ighalo ta aro daga ƙasar Sin a farkon 2020, abin da ya faranta ran magoya bayanta a nan gida domin shi ne ɗan ƙasar na farko da ya saka rigar ƙungiyar, ko da yake an ɗauko shi ne don toshe giɓi kawai.

Dawowar Cristiano Ronaldo a watan Agustan 2021 ita ce ta fi bayyana sarƙaƙiyar lamarin. A kakar da ta gabaci zuwansa United ta zo ta biyu da maki 74 da ƙwallaye 73, a kakar da ya buga kuwa shi ɗin ya cika alƙawari, ya ci 18 a gasar, amma ƙungiyar gaba ɗaya ta tsaya a ƙwallaye 57, aka zura mata 57, ta ƙare ta shida da maki 58. Magoya baya suka rabu biyu, wasu suna cewa ba don Ronaldo ba da abin ya fi haka muni, wasu kuma suna cewa ɗan wasa mai shekara 36 da ba ya matsa wa 'yan bayan abokan hamayya lamba ya tilasta wa sauran goman sauya salonsu, kuma kowane ɓangare yana da lambobin da zai nuna. A wannan kakar ce dai maƙwabciyarsu Manchester City, wadda ta nemi Harry Kane ba ta samu ba, ta ɗauki kofi da ƙwallaye 99 ba tare da tsayayyen lamba tara ba, wanda ya fi ci mata kuwa ɗan tsakiya ne, Kevin De Bruyne, da 15. Da ta sayi Erling Haaland a 2022 ya ci 36 shi kaɗai, jimillar ƙwallayenta a gasar ta sauka zuwa 94, amma ta haɗa kofi uku har da na Zakarun Turai, wanda ta daɗe tana nema. Ɗan gaba nagari yana da amfani ke nan, sai dai yawan abin da zai ci ya dogara ne da yawan damar da na bayansa suke ƙirƙira masa, shi ya sa ƙungiyoyi a yanzu suke amfani da ma'aunin ƙwallayen da ake sa ran ci, wanda yake duba nisa da kusurwar kowane bugu ya ƙiyasta sau nawa irinsa yake shiga raga, domin a bambance ɗan wasan da yake ɓarar da dama da wanda ba a ba shi komai ba.

A kasuwa kuwa farashi ne yake zama hukunci tun kafin ɗan wasa ya taɓa ƙwallo. Ranar 31 ga Janairun 2011, wato ranar rufe kasuwa, Chelsea ta sayi Fernando Torres daga Liverpool a kan fam miliyan 50, Liverpool ta juya ta ba Newcastle miliyan 35 ta ɗauki Andy Carroll, ta kuma kammala cinikin Luis Suárez daga Ajax a kan kimanin miliyan 23. Hankalin jama'a ya tafi ga biyun farko saboda girman kuɗinsu, amma Torres bai ci wa Chelsea ƙwallo ba sai a ƙarshen Afrilu, Carroll ya bar Liverpool da ƙwallo shida a gasar, shi kuwa mafi arahar cikinsu ya ci 31 a kakar 2013 zuwa 2014 kaɗai. Sayen ɗan wasa daga wata gasa zuwa wata, ko daga wani tsari zuwa wani, cinikin biri a sama ne ko da an biya kuɗi mai yawa.

Farashin da ake bugawa ma ba shi ne dukan kuɗin ba, domin akwai albashin mako-mako da la'adar dillali da ladan sa hannu, kuma a littafin ƙungiya ana rarraba kuɗin sayen ne a kan shekarun kwantiragi, ta yadda ɗan wasan miliyan 80 mai yarjejeniyar shekara biyar zai riƙa cin miliyan 16 duk shekara ban da albashinsa. Wannan lissafi ne ya sa Chelsea ta riƙa ba da kwantiragin fiye da shekara takwas, har hukumar ƙwallon Turai ta ƙayyade rarrabawar ga shekara biyar a 2023. Dokar gasar Firimiya da ta hana ƙungiya yin asarar da ta wuce fam miliyan 105 a cikin shekara uku ita ce ta jawo aka zabtare wa Everton da Nottingham Forest maki a kakar 2023 zuwa 2024. Masoyan Victor Osimhen sun ga tasirin irin waɗannan abubuwa a 2024, lokacin da ɗan wasan da ya ci wa Napoli ƙwallo 26 ta ɗauki kofin gasar Italiya, aka kuma zaɓe shi gwarzon Afirka na 2023, ya ga kasuwar Ingila ta rufe ba tare da an daidaita da Chelsea ba, ya tafi Galatasaray ta Turkiyya aro. Babu wanda ya yi shakkar iyawarsa, abin da ya gagara shi ne daidaita kuɗi.

Mai goyon baya daga nesa yana da wani dalili na ƙarin gaggawa wanda ba a cika faɗa ba. Ba ya sayen tikiti, ba shi da hanyar da muryarsa za ta kai ga shugabanni, amma ƙungiyar ta zama sunansa a unguwa, ana ce masa ɗan Man U ko ɗan Arsenal, kuma idan aka ci su ranar Asabar shi ne zai sha tsiya a wurin abokai har mako ya zagayo. Wanda yake cikin wannan hali ba zai saurari bayanin gina ƙungiya na shekara uku ba.

Inda hukuncin magoya bayan United ya fi dacewa da gaskiya shi ne inda suka ɗaga kai suka dubi masu ƙungiyar. Iyalan Glazer na Amurka sun saye ta a 2005 da kuɗin da akasarinsa rance ne, suka ɗora bashin a kan ƙungiyar da a da ba a bin ta, abin da ya sa wasu magoya baya suka ɓalle suka kafa FC United of Manchester a shekarar, wasu suka riƙa ɗaura mayafi kore da ruwan ɗorawa don nuna adawa a 2010, sannan a watan Mayun 2021 suka kutsa cikin Old Trafford har aka ɗage wasa da Liverpool. Tafiyar Ferguson ta zo daidai da ta shugaban gudanarwa David Gill, aka miƙa harkar ciniki ga Ed Woodward, wanda ya fito daga aikin banki, kuma a kasuwarsa ta farko aka sayi Marouane Fellaini ranar rufewa a kan fam miliyan 27.5, alhali makonni kaɗan kafin nan kwantiraginsa ya ba da damar ɗaukarsa a ƙasa da haka. Ƙungiyar ba ta naɗa daraktan ƙwallo ba, wato jami'in da yake tsara irin 'yan wasan da za a saya ko da koci ya sauya, sai a 2021, don haka kowane koci ya sayo masu dacewa da salonsa, ya tafi ya bar wa na bayansa su da manyan albashinsu. Shigowar Jim Ratcliffe, wanda ya sayi kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na hannun jari ya karɓi ragamar harkar wasa a farkon 2024, ba ta kawo ƙarshen wannan rawar ƙafa nan take ba, domin sababbin shugabannin sun tsawaita kwantiragin Ten Hag a watan Yuli, suka saya masa 'yan wasa biyar, suka kore shi a Oktoba, suka rabu da daraktan wasanni Dan Ashworth bayan wata biyar da kama aikinsa, suka kuma kawo Ruben Amorim mai tsarin 'yan baya uku ga tawagar da aka tara don 'yan baya huɗu, ƙungiyar ta ƙare kakar a mataki na 15.